Goyo a Gidan Maza: Lafiyar Uwa da Jariri a Kurkuku da Nauyin da Ke Kan Jami'a a Zazzau

Daga cikin sunayen da Bahaushe ya raɗa wa kurkuku akwai gidan yari, gidan kaso, gidan wakafi da kuma gidan maza. Na ƙarshen nan ya fi sauran fallasa gaskiyar wurin. Da namiji a rai aka yi ginin, aka ƙayyade abincin, aka zaɓi magungunan da za a ajiye, aka kuma shata ƙa'idojin ziyara. Sauya sunan zuwa gidan gyaran hali da aka yi a 2019 bai rushe wannan tsohon tsari ba. Mata ba su wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na waɗanda ke tsare a Nijeriya ba, kuma ƙarancin nasu ne ya sa ake saurin mantawa da su. Gidajen da aka keɓe musu zalla, irin na Kirikiri da ke Legas, 'yan ƙalilan ne; a yawancin garuruwa wani ɓangare ake yanka musu a cikin gidan maza. A cikinsu kuwa akwai masu juna biyu, akwai masu jego, akwai masu goyo. Jaririn da ke bayan irin wannan uwa babu ɗan sandan da ya kama shi, babu alƙalin da ya yanke masa hukunci, amma iskar ɗakin da uwarsa ke shaƙa ita yake shaƙa.

Birnin Zazzau ya fi garuruwa da dama kayan aikin tunkarar wannan matsala. Daga fadar Sarki da ke Kwarbai, gidan gyaran hali na Ƙofar Doka ba shi da nisa. A Banzazzau akwai Cibiyar Lafiyar Yara ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A Ƙofar Gayan akwai babban asibitin da aka sa wa sunan Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar NEPU da ake ruwaito an ɗaure ta har sau 16. A Kongo akwai Tsangayar Shari'a, a Shika akwai babban asibitin koyarwa, a Samaru kuma akwai Sashen Harsuna da Al'adun Afirka. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya kamata jami'ar ta ƙulla tsayayyen haɗin guiwa da Hukumar Gyaran Hali domin lafiyar waɗannan iyaye da 'ya'yansu, kuma duk haɗin guiwar da aka bar wa likitoci da lauyoyi kaɗai, aka bar manazarta Hausa a waje, to zai tsaya ne da ƙafa biyu kamar murhun da ya rasa dutse na uku.

Abin da doka ta riga ta tanada

Ba rashin doka ne ke damun matar da ke tsare ba. Sashe na 34 na Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ya wajabta keɓe wa mata wurinsu, da biya musu buƙatunsu na magani da abinci, musamman masu ciki da masu shayarwa da jariran da ke tare da su. Ya tanadi ɗakin raino, da awon ciki, da kuma gwajin ciki ga duk macen da aka kawo, a ranar farko ko kafin cikar kwana 14. Kashi na biyu na dokar ya buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sa ido a kan mai laifi yana gidansa.

A matakin duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bankok a watan Disamba na 2010, ƙa'idoji 70 da suka shafi mata fursunoni. Sun hana a ɗauki yaron da ke tare da uwarsa a matsayin fursuna, sun ce a duba lafiyarsa daidai da ta yaran waje, sun kuma fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara matuƙar laifin bai yi muni ba. Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015 sun ƙara da cewa idan aka haifi yaro a kurkuku, kada a rubuta haka a takardar haihuwarsa. Sashe na 30 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990, wadda Nijeriya ta amince da ita, ya ce hukuncin da ba na ɗauri ba shi za a fara dubawa ga irin waɗannan iyaye. A 2007 Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu, ta bakin Mai Shari'a Albie Sachs, ta yanke cewa dole alƙali ya auna halin da yara za su shiga kafin ya ɗaure mai rainonsu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo wa Musulmin Zazzau a baƙo. Hadisin matar nan Bagamidiya ya nuna Manzon Allah (SAW) ya jinkirta mata hukunci har ta haihu, ya sake jinkirtawa har ta yaye ɗanta. Fiƙihun Malikiyya ya ginu a kan haka, kuma an ga aikinsa a 2002 lokacin da kotun shari'a a Jihar Katsina ta ɗage zartar da hukuncin da aka yanke wa Amina Lawal har sai ta yaye 'yarta, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta wanke ta a Satumban 2003. Ashe dokar ƙasa da ta duniya da ta addini duk bakinsu ɗaya a kan cewa laifin uwa ba ya hawa kan jariri. Matsalar tana wajen isar da tanadin daga takarda zuwa ɗakin da matar ke kwance.

Darasin da Zazzau ta taɓa koyarwa

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da tarihi a fagen lafiyar mata masu haihuwa. Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Babban abin da aikin ya nuna shi ne matan da suka iso asibiti ba tare da sun taɓa zuwa awo ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma talauci da rashin ilimi suna da hannu a mutuwar kamar yadda cutar kanta ke da shi. A shekarun 1970 kuma, Davidson da Farfesa Eldryd Parry sun nazarci ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yawaita a yankin Zazzau. Sun danganta shi da al'adun jego: wankan ruwan zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri.

Abin lura a nan shi ne likitocin ba su gano bakin zaren da abin sauraren ƙirji kaɗai ba. Sai da suka san me ake nufi da jego, kwana nawa ake yi, me ake ci, me ake sha. Tun kafin su, Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, kuma har gobe ana komawa gare shi domin sanin al'adun haihuwa da goyo da yaye. Ilimin da ya taimaki likita a wancan lokaci ilimin manazarcin al'ada ne. Babu dalilin da zai sa a zaci bangon kurkuku ya sauya wannan.

Inda harshe ke tsayawa tsakanin uwa da magani

Matar da kotu ta tura wakafi daga Zazzau, ko a Ƙofar Doka aka ajiye ta ko aka wuce da ita Kaduna, da wuya a ce ba da Hausa take tunani ba. Takardun da ake cike mata kuwa da Ingilishi suke, haka dokar da ta ba ta haƙƙi. Ba za ta nemi ɗakin raino ko ƙarin abincin mai shayarwa ba alhali ba ta san an tanadar mata ba. Fassara sashe na 34 da muhimman Ƙa'idojin Bankok zuwa Hausar da mai tallar fura za ta fahimta, a takarda da kuma a murya domin wadda ba ta karatun boko, aiki ne da ɗaliban fassara za su iya kammalawa a zango guda.

Sai dai lamarin ya wuce fassarar doka. Bahaushiya ba ta faɗin ciki kai tsaye, musamman na fari, ballantana a gaban namiji mai kaki. Za ta ce ta yi ɓatan wata, ko ta ce ba ta jin daɗin jikinta, ko ta yi shiru. Idan cikin ba na aure ba ne, ko kuma shi ne tushen ƙarar, shirun zai ninka. Gwajin da doka ta ce a yi cikin kwana 14 yana iya zama alheri, yana kuma iya zama tonon asiri, ya danganta da lafazin da aka yi mata bayani da shi da kuma wanda ya ji sakamakon.

Haka sunayen cututtuka. Mai ciki tana iya kukan zaƙi, abin da ba shi da takwara guda ɗaya a littafin likita. Uwa tana iya cewa ɗanta na da shawara, ko haƙori ne ke sa shi gudawa, ko nononta ya ɓaci. Tana iya matse dakashi ta zubar saboda an gaya mata ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Jijjigar da likita ya sani a matsayin illar hawan jini, ita tana iya ganin iska ce ko sammu. Ma'aikacin lafiyar da bai san waɗannan ba zai rubuta abin da bai ji ba, ya kuma ba da shawarar da ba za a bi ba.

Lafiyar ƙwaƙwalwa ta fi kowane fanni faɗawa wannan rami. Ma'aunin Edinbara, mai tambayoyi 10, wanda aka fitar a 1987 domin gano ciwon damuwa bayan haihuwa, an gina shi ne a kan yadda Bature ke bayyana abin da ke ransa. Bahaushiya da aka rena da haƙuri da tawakkali, idan aka tambaye ta ko tana cikin baƙin ciki, amsarta ita ce godiya ga Allah. Tsakanin damuwa da ɓacin rai da baƙin ciki da ƙunci da zullumi akwai tazarar ma'ana da sai masanin harshe zai iya aunawa. Ga kuma kunyar ɗan fari: uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, al'ada take bi. Jami'in walwalar da bai san haka ba yana iya rubuta cewa ba ta damu da yaron ba, kuma irin wannan rahoto yana iya zama hujjar raba su.

Akwai kuma abin da ɗauri ke yankewa wanda babu shi a kundin likita. Wa zai yi wa jaririn huɗuba? Wa zai yanka ragon suna ran bakwai? Wa zai kira wanzami? Mai jegon da ba ta yi wanka ba tana ganin jikinta ɗanye ne, duk ciwon da ya same ta daga baya kuma a kan haka za ta ɗora shi. Likita na iya murna da ta tsira daga kanwa da zafin ruwa, ita kuwa tana ganin an tauye ta. Sasanta waɗannan, a ba ta ruwan ɗumi da kunun da babu kanwa, a kuma yi mata bayanin da zai kwantar mata da hankali, aikin wanda ya san gidan biyu ne.

Wata 18 da ranar rabuwa

Tsofaffin ƙa'idojin gidan yari na Nijeriya sun yarda jariri ya zauna da uwarsa idan yana shan nono kuma bai kai wata 18 ba. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Tsakanin wa'adin gidan yari da waɗannan biyun akwai giɓin wata 6, kuma a wannan tsakani tamowa tana iya kama yara.

Ba a nan kaɗai haɗarin yake ba. A cikin watannin nan 18 jadawalin rigakafi ke gudana: na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta a lokacin haihuwa, sai allurai a sati na 6 da na 10 da na 14, sai na ƙyanda da shawara a wata na 9, da maimaicin na ƙyanda a wata na 15. Cunkoson ɗaki kuwa shi ne abokin tarin fuka. Yaron da katinsa ya ɓace tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da gidan gyaran hali zai fita da giɓin da babu mai cike masa.

A al'adar Bahaushe yaye ba korar yaro ba ne. Kaka ce ke ɗaukar shi, ta lallashe shi, ta dama masa kunu, har ya manta da nono. Malikiyya ma ta jera masu haƙƙin raino: uwa, sannan kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Amma ɗaurin mace abin kunya ne da kan sa miji ya aiko da takardar saki, dangi su ɗauke ƙafa. Idan ranar ta zo babu kaka a bakin ƙofa, yaron gidan marayu zai nufa alhali uwarsa na raye. Neman dangi da sasanta su tun kafin ranar ta zo aiki ne da ke buƙatar sanin zumunta da tsarin unguwanni. A nan ne Kwarbai ke da rawar takawa, domin daga fada ne igiyar hakimai da dagatai da masu unguwanni ta miƙe har ƙauyen da matar ta fito. Mai unguwar da zai iya nemo kaka, shi ne kuma zai iya nemo wanda zai tsaya wa matar beli.

Siffar haɗin guiwar da abin da za a ce a kansa

Abin da ake buƙata bai kai girman gina sabuwar cibiya ba. Yarjejeniya ce a rubuce tsakanin jami'a da Hukumar Gyaran Hali da ma'aikatun shari'a da lafiya na Jihar Kaduna, tare da sanin Masarautar Zazzau. Likitocin mata da na yara su riƙa ziyara a ranar da aka tsayar, kowane jariri ya sami katin rigakafi da na awon nauyi da takardar haihuwa. Ɗaliban shari'a, a ƙarƙashin malamansu, su bi fayil ɗin kowace mai ciki da mai goyo, su gabatar da shi a kotu ko a lokacin da Babban Jojin Jiha ke ziyarar rage cunkoso. Manazarta Hausa su tanadi fassara, su tattara kalmomin ciki da jego da cututtukan yara, su horar da ma'aikata, su kuma tace tambayoyin bincike. Gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali, ya kawar da uzurin cewa lamarin na Abuja ne kaɗai.

Za a ce matan kaɗan ne, ga dubban yara a Tudun Wada da Sabon Gari da ba su sami rigakafi ba. Gaskiya ne, amma ƙarancin nasu shi ya sa aikin zai yiwu ba tare da jiran tallafin ƙasashen waje ba. Sannan yaron unguwa uwarsa na da ƙafar kai shi asibiti, wannan kuwa hukuma ce ta kulle ƙofar, don haka a wuyanta nauyin yake.

Za a kuma ce jami'a za ta mayar da matan gonar digiri, ɗalibi ya shiga da takardar tambayoyi, ya fito da kundi, ba a sake ganinsa ba. Wannan tsoro yana da tushe. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da doguwar shari'ar da ta biyo baya kan ko iyayen sun fahimci abin da suka yarda da shi. Yardar wanda ke kulle ta fi ta kowa rauni, domin yana iya zaton ƙin amsa tambaya zai ja masa fushin gandiroba, amsawa kuma za ta kawo masa saki. Maganin wannan shi ne a sa hidima a gaba, bincike a baya: kada a ɗaura magani ko taimakon lauya a kan sharaɗin shiga bincike, a nemi yarda da Hausa ba a gaban mai kaki ba, a ɓoye sunaye, kuma kwamitin ɗa'ar bincike ya ga takardar Hausar da idonsa. Rubuta takardar yarda da ba ta da ruɗu shi kansa gwaninta ce ta masanin harshe.

Suka ta uku ta fi nauyi: gyara ɗakin raino a kurkuku yana iya sa alƙalai su daina jin nauyin tura masu goyo can. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna, wasu kuma rashin mai tsaya musu ko 'yar tarar da ta fi ƙarfinsu ce ta riƙe su. Saboda haka ma'aunin nasarar haɗin guiwar shi ne yawan iyayen da suka koma gida da goyonsu, ta hanyar beli ko hukuncin da ba na ɗauri ba. Kula da waɗanda dole ta sa suka zauna yana biye da wannan.

Kammalawa

Nazarin Hausa ya daɗe yana rubuta al'adun haihuwa da jego da yaye a matsayin abin tarihi da ake adanawa kada ya ɓace. An yi kundaye masu yawa a kan ungozoma da wanzami da magungunan gargajiya, kuma galibinsu suna kan kanta a ɗakin karatu. Ga wurin da ilimin zai yi aiki a kan rai: ya sa a gane ciki da wuri, a fahimci kukan uwa, a kammala rigakafi, a nemo kaka kafin wata na 18. Matakin farko ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Wasiƙa ce daga shugaban sashe a Samaru zuwa takwarorinsa na Shika da Kongo, da zama guda da jami'an Ƙofar Doka. Asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunan matar da ta san ɗakin kurkuku ciki da bai, kuma gari ya karrama ta. Matan da ke cikin irin wannan ɗaki a yau ba su da suna a jarida, amma jariran da ke bayansu 'ya'yan Zazzau ne kamar kowa.